Mu San Kalma: Toshe

Kalmar wannan fitowa ita ce "toshe". Harufanta biyar ne, gaɓoɓinta biyu: to-she. Ɗalibi ya lura, ana rubuta ta da sh. Waɗanda suka yi lakwal sukan sa ch irin na Faransanci. Wannan kuskure ne a rubutun Hausa.

Mene ne toshewa? Ita ce cikewar kafar da wani abu yake bi ya wuce, kamar ruwa ko iska ko hayaƙi. Toshe daban, rufe daban. Ƙofa rufe ta ake yi, a buɗe da safe. Abin da ya toshe kuwa sai an sa hannu ko tsinke an fid da abin da ya cushe a ciki. Bafaranshe yana cewa "boucher". Mai Turancin Ingila yana haɗa kalma biyu, ya ce "block up". Fataken da ke zuwa Kano ta Magarya ko Matamai sukan ji shi.

Kalmar tana aiki ta hanya biyu. Akwai wadda mutum yake yi da gangan: "Manomi ya toshe ramin ɓera a gindin rumbu." Wannan aikin kirki ne. Akwai kuma wadda take faruwa don sakaci: "Indararo ya toshe."

A nan ne maganar take da nauyi. Yawancin sorayen Birni da Zango a Damagaram, da na ƙauyuka, na ƙasa ne. Duk rani iska tana tara ƙura da kara da leda a bakin indararo. In ruwan farko ya sauka bai sami hanya ba, sai ya kwanta bisa rufi. Ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi, azara ta gaza, soro ya rufta, sau da yawa da dare mutane suna barci. Haka wuriya take. In ta toshe, ruwa ya tsaya a tsakar gida, ya ci gindin katanga, sauro kuma ya sami wurin yin ƙwai. Garin Damagaram bisa dutse yake zaune, ruwa ba ya saurin nutsewa a wurare da yawa. Don haka maigida ya hau soro tun watan Mayu, kafin hadari ya fara haɗuwa, ya share indararo. Aikin bai kai tsawon shan fura ba.

A jiki ma ana faɗin ta. Hanci yana toshewa lokacin hunturu, yakan buɗe bayan kwana kaɗan. Amma in fitsari ya toshe wa dattijo, mara ta kumbura, kada a jira gobe. A kai shi likita a ranar.

Wanda ya ƙi jin shawara, an ce ya toshe kunne. "Toshiyar baki" kuwa kuɗi ne da ake ba mutum don kada ya faɗi gaskiya. Doka ta hana bayarwa, ta hana karɓa.

Aikin allo: kowane ɗalibi ya rubuta jimla biyu, ɗaya da "toshe", ɗaya da "cushe", ya nuna wa malami.