Ƙyalƙyali da Haske a Garejin Television

Duk wanda magariba ta riske shi a garejin Television, a kudancin birnin Kaduna, ba ya bukatar ƙamus kafin ya san ma'anar ƙyalƙyali. Da zarar duhu ya fara, sai ka ga 'yan fitilu ja da kore da shuɗi da masu Keke Napep suka liƙa a jikin kekunansu suna kawowa suna ɗaukewa, haka ma a shagunan masu cajin waya, har ka kai Command Junction. Wannan kawowa da ɗaukewa shi ne ƙyalƙyali. Kalmar da kanta ta faɗi halinta: ƙyal, sannan ƙyal. Bahaushe ya ninka sautin ne domin abin maimaituwa yake yi.

Tana da 'yan uwa, amma kowacce da ɗakinta. Tukunyar da uwargida ta dirje da toka da soson ƙarfe, ƙyalli take yi. Shaddar da ta fito daga hannun mabuga, ko rawani ɗan Kura da ya sha shuni da bugu, sheƙi suke yi, zaunanne, ba ya motsi. Walƙiya kuwa ta damina ce, ta keta sama sau ɗaya ta wuce. Ƙyalƙyali na duwatsun leshin amarya ne idan ta juya, da ruwan Kogin Kaduna da hantsi idan ka leƙa daga kan gada, da taurari a daren da aka ɗauke wuta. Su taurarin ma ba su ke ƙiftawa ba. Iskar da ke tsakaninmu da su ce take karkata haskensu yana rawa kafin ya iso ido. Shi ya sa Zara, matar wata, wadda ta fi su kusa da mu, ba ta cika yin wannan rawa ba.

To, ka lura da mai shayi a bakin garejin. Ƙwan fitila ɗaya gare shi, fari, rataye a kan teburi. Ba ya burge kowa, amma a ƙarƙashinsa ake yanka burodi, a soya ƙwai, a ƙirga canji. Har mai keken da ya ƙawata kekensa, idan zai duba ko dubu ɗayan da aka ba shi ta gaske ce, nan yake matsowa.

Haka mutane suke. Akwai abokin ƙyalƙyali, wanda ranar biki ko suna shi ake fara gani, ranar jinya kuma a neme shi a rasa. Irinsa ake kira ƙyal-ƙyal banza. Akwai kuma mai halin fitilar mai shayi: maƙwabciyar da take riƙe miki yara, ɗan uwan da yake kwana da kai a asibiti.

Ƙyalƙyali ba laifi ba ne. Biki ba ya daɗi sai da shi, kuma siginar mota da take ƙiftawa ta hana haɗari da yawa. Aikinsa shi ne jawo ido. Sai dai idan ka zo zaɓen aboki, ko miji, ko shugaba, kada ka tsaya a nan. Ka duba ko za ka iya ƙirga canjinka a ƙarƙashin haskensa.