3.4 Matsalar Tushen Awo Wajen Fitar da Bayanan GPS

A wannan sashe za a yi bayani a kan abin da ke faruwa idan safiyo ya gama awon fili da na'urar GPS, ya zo sauke sakamakon a kwamfuta domin ɗora shi a kan taswira. Lambobin da ke nuna matsayin wuri ba su da ma'ana sai an san tushen awon da aka gina su a kai. Tushen awo, wato datum, shi ne siffar duniya ta lissafi da aka zaɓa, tare da wurin da aka kafa ta.

Na'urar GPS tana aiki ne da tushen WGS 84, wanda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta tsara, cibiyarsa kuwa tana tsakiyar duniya. Tsofaffin taswirorin Nijeriya da akasarin takardun filaye an yi su ne a kan tushen Minna, wanda ya dogara da siffar Clarke ta 1880, an kuma kafa shi a tashar awo mai lamba L40 kusa da garin Minna. Cibiyoyin tushen biyu ba su haɗu ba. Alƙaluman da aka fi amfani da su wajen juyawa daga Minna zuwa WGS 84 su ne mita −92 da −93 da +122 a kan layukan X da Y da Z.

Alal misali, idan aka ɗauki lambobin digiri na WGS 84 a Kano aka ɗora a kan taswirar Minna ba tare da juyawa ba, wurin zai goce yamma da kimanin mita 80. Tun da faɗin fuloti mai ƙafa 50 bai wuce mita 15 da ɗoriya ba, ke nan filin mutum zai faɗa cikin na maƙwabcinsa na biyar. Irin wannan kuskure yana iya kai makwabta gaban alƙali.

Bugu da ƙari, akwai batun shimfiɗa duniya a kan takarda. Tsarin UTM ya raba Nijeriya shiyya uku: 31 da 32 da 33. Tsohon tsarin ƙasa shi ma ziri uku ne, masu layin tsakiya a digiri 4½ da 8½ da 12½ gabas. Duka biyun da mita ake rubuta su, don haka sauƙin rikita su yana da yawa.

Saboda haka, wajibi ne safiyo ya kiyaye abubuwa uku:

(i) Ya adana ainihin bayanan WGS 84, ya yi juyi a kan kwafi, kuma sau ɗaya tak. Idan na'ura ta juya, manhajar kwamfuta ta sake juyawa, gocewar za ta dawo ta ɗaya ɓangaren.

(ii) Ya auna aƙalla turaku uku na safiyo waɗanda aka san lambobinsu, domin alƙaluman da aka ambata na ƙasa baki ɗaya ne, suna iya saɓawa da mitoci kaɗan daga yanki zuwa yanki.

(iii) Ya rubuta sunan tushen awo da shiyya a jikin kowace taswira.

Sashe na gaba zai duba yadda wannan bambanci yake shafar awon tsayin ƙasa.