Nahawun da ke hana mai karatu barci

A duk hutun ƙarshen zango, littattafan soyayya da na yaƙi da aljanu da na binciken laifi kan zagaya hannun ɗalibai a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, wasu a takarda, wasu a wayar salula. Idan aka tambayi mai karatu abin da ya hana shi barci, zai ce labarin ne ya yi daɗi. Amma ɗalibin kimiyyar harshe zai iya nuna cewa wani kaso na wannan daɗi daga nahawu yake fitowa, domin kowane nau'in labari yana da abin da ya dogara da shi a cikin harshen.

Labarin soyayya, tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid (1980) zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) da waɗanda ake rubutawa yau, ƙarfinsa yana cikin zance tsakanin mutum biyu. A nan sunan kira shi ne ma'aunin zuciya. Budurwar da ta fara da "Malam", ta koma "Yaya", daga baya ta daina ambaton sunan saurayin saboda alkunya, ta gaya wa Bahaushe inda aka kwana ba tare da ta furta kalmar so ba.

Labarin yaƙi da aljanu tsohon gida ne. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara sun fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, kuma marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun ci gaba da tafiya a kan wannan turba. Abin da ke ba shi gudu shi ne kalmar "sai" haɗe da shuɗaɗɗen lokaci na biyu: sai ya zare takobi, sai suka yi arangama, sai ƙasa ta tsage. Amsa-kama irin su tim da fyau da tsit su ke sa kunne ya ji abin da ido bai gani ba.

A labarin binciken laifi ne nahawu ya fi fitowa fili. Hausa tana da "an" da "aka", waɗanda ke bayyana aiki su ɓoye mai aikin. Marubuci zai buɗe da cewa an sace kuɗin, aka kuma bar ƙofa a kulle. Yana iya ƙara duhu da aikatau mai ƙarewa da -u, kamar "asiri ya tonu", inda ba a ma nuna akwai mai tonawa ba. A babi na ƙarshe kuma sai jimla ta juye: direban ne ya sace kuɗin. An jawo suna zuwa gaba, an ƙarfafa shi da "ne". Duk zumuɗin mai karatu tafiya ce daga jimlar farko zuwa ta ƙarshe.

Akwai abin lura ga masu karatu a Nijar. Galibin waɗannan littattafai da Hausar Kano aka rubuta su. Mutumin Tawa ko Maraɗi da ke cewa "sunka" da "anka" yana karanta "suka" da "aka", yana cin karo da makaranta inda ya saba da lakwal. Yadda yake fahimta ba tare da tuntuɓe ba, da wuraren da yake tsayawa ya sake duba jimla, fage ne na nazarin karin harshe. Ɗalibin da ke neman batun kundinsa zai iya ɗaukar babi guda, ya ƙirga "an" da "aka", ya duba inda suka fara raguwa, sannan ya kwatanta da labarin da aka ba shi da baki a garinsu.