Tallneck: Raƙumin dawan ƙarfe da ba ya faɗa da kowa a wasan Horizon

A cikin halittun ƙarfe da suka cika dazuzzukan wasan bidiyo na Horizon Zero Dawn, akwai guda ɗaya da ake hangowa tun daga nesa, tana tafiya sannu a hankali, ƙasa na girgiza a ƙarƙashin sawayenta. Sunanta Tallneck, ma'ana mai dogon wuya. Ƙafafu huɗu gare ta da wuya zanƙalele irin na raƙumin dawa, sai dai a inda ya kamata kai ya kasance, an ɗora mata wani faffaɗan faifai ne wanda ba shi da ido balle baki. Ba ta farauta, ba ta kai hari, kuma kibiya ba ta yi mata komai. A wasan da kusan kowace na'ura ke neman ran mai wasa, wannan abin lura ne.

Kamfanin Guerrilla Games da ke birnin Amsterdam na ƙasar Holan ne ya fitar da wasan a shekarar 2017 a kan na'urar PlayStation 4, sannan ya iso kwamfuta a 2020. An sayar da fiye da kwafi miliyan 20. Mai wasa yana juya wata matashiyar mafarauciya ce mai suna Aloy, wadda ke rayuwa a ƙarni na 31 a yankin da a yau ake kira Kolorado da Yuta a Amurka. Birane sun zama kufai, mutane sun koma ƙabilu masu kwari da baka da mashi, manyan namun daji kuwa na ƙarfe ne.

Wanda bai kai ƙarshen wasan ba, kuma ba ya son a ɓata masa labari, gara ya dakata a nan, domin ba za a gane Tallneck ba sai an san wanda ya ƙera ta.

A labarin, wani attajiri mai suna Ted Faro ya gina rundunar butum-butumin yaƙi masu iya ƙera irinsu da kansu, waɗanda kuma ke cinye duk wani abu mai rai su mayar da shi makamashi. Ya sa aka kulle tsarinsu ta yadda babu wata ƙofar baya da za a bi a kashe su. A 2064 wani rukuni nasu ya daina karɓar umarni, kuma cikin ƙasa da shekara biyu suka lashe tsirrai da dabbobi da mutane. Masaniyar kimiyya Elisabet Sobeck ta gane cewa ba za a ci wannan yaƙi ba, don haka ta jagoranci gina wata ƙirƙirarriyar basira mai suna GAIA, wadda aikinta shi ne ta kashe rundunar bayan kowa ya mutu, ta gyara ƙasa da ruwa da iska, sannan ta dawo da rayuwa. Batun ba tatsuniya ba ce zalla: a watan Disambar 2023 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan makamai masu sarrafa kansu.

Dabbobin ƙarfen nan ma'aikatan GAIA ne, kuma wani sashe nata mai suna HEPHAESTUS ke ƙera su a masana'antu na ƙarƙashin ƙasa. Kowace da aikinta. Mai kama da barewa tana tara ciyawa ta mayar da ita man fetur na tsirrai, mai kama da kada tana tace ruwa. Ita kuwa Tallneck, aikinta sadarwa: tana zagaya yanki guda a kan hanya ɗaya ba dare ba rana, tana tattara bayanan ƙasar tana isar da saƙonni tsakanin sauran na'urori. A taƙaice, turken sadarwa ce irin na kamfanonin waya, sai dai wannan yana tafiya da ƙafafunsa.

Daga nan ne surar jikinta take samun ma'ana. Tsawon wuyan domin saƙo ya yi nisa ne, faifan kai kuwa tasa ce ta kama sigina, shi ya sa ba ta buƙatar ido ko haƙori. Eriyoyin da suka fito a bayan wuyanta ma na wannan aiki ne. Masu zanen sun aro takun raƙumin dawa, wannan tafiya ta ƙasaita da duk wanda ya taɓa ganin raƙuman dawan Kure kusa da Yamai zai shaida, amma sun ƙi ba ta fuska. Rashin fuskar ne ya sa mai kallo ba ya jin tana fushi da shi ko tana maraba da shi. Ba ta ma san yana wurin ba, har tana iya take shi idan ya tsaya a gabanta.

Akwai kuma wata matsala ta sana'ar ƙera wasanni da wannan halitta ta warware. Tun bayan fitowar Assassin's Creed a 2007, al'ada ta zama mai wasa ya hau wata doguwar hasumiya domin taswirar yanki ta buɗe masa, kuma an maimaita dabarar har ta gunduri jama'a. Guerrilla ba ta jefar da ita ba, sai ta sa hasumiyar ta riƙa tafiya. Dole Aloy ta karanci hanyar da Tallneck ke bi, ta nemi tudu ko rusasshen gini mai tsawo, ta kauce wa na'urorin da ke gadin wurin, ta yi tsalle a daidai lokacin da ta gifta, ta kama eriyoyin tana hawa ɗaya bayan ɗaya. Idan ta kai saman faifan sai ta soka mashinta mai na'urar kutse, bayanan yankin su zubo mata, sannan ta sauko da igiya. Guda biyar kacal aka sa a ainihin wasan, aka ƙara ɗaya a ƙarin da aka kira The Frozen Wilds, kuma wannan ƙarancin hikima ce, domin da sun kai talatin da sun zama aikin gajiya.

Darajar zaman lafiyarta tana ƙara fitowa idan aka ajiye ta kusa da Thunderjaw, dodon ƙarfe mai siffar dabbar nan ta zamanin da, wanda ke ɗauke da bindigogi a muƙamuƙi da maharba faifai a ƙugu. Labarin ya nuna cewa babu irinsa a tsarin farko. Bayan GAIA ta tarwatsa kanta a 3020 domin hana wani sashe nata sake hallaka duniya, HEPHAESTUS ya zama ba shi da mai tsawata masa. Da ya ga mutane suna farautar na'urorinsa don sassan jikinsu, sai ya mayar da masu sanyin hali mafaɗata, ya kuma fara ƙera sababbi da ba su da wani aiki sai kisa. Tallneck ta ci gaba da zagayenta kamar yadda aka tsara mata tun farko, ta zama shaidar yadda aka so na'urorin su kasance kafin abubuwa su lalace.

Wasan da ya biyo baya, Horizon Forbidden West na 2022, ya dawo da ita sau shida, kowace da tata hanyar hawa, har da wadda ake samu a cikin masana'antar da ake ƙera ta. A wannan shekarar ce kuma kamfanin kayan wasan yara na Lego ya fitar da samfurin farko daga duniyar Horizon, kuma bai zaɓi Thunderjaw mai bindigogi ba, sai Tallneck, a cikin gutsattsari 1,222, da ɗan ƙaramin mutum-mutumin Aloy wanda ake iya tsayarwa a saman faifan.