Mai tausa da sanin jikin mutum

Da damana, manomi yakan yini a duƙe yana noma. Da marece in ya komo gida, bayansa da kafaɗunsa suna ciwo. Sai a shafa masa man kaɗe, a yi masa tausa. Amma ba kowace matsa ce tausa ba. Mai tausa na ƙwarai sai ya san abin da ke ƙarƙashin fata.

Abu na farko shi ne ƙashi. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Su ne ke riƙe da jiki, kamar yadda dirka ke riƙe da rumfa. Haƙarƙari 24 suna kare zuciya da huhu. Wurin da ƙashi biyu suka haɗu ana ce da shi gaɓa, kamar gwiwa da wuyan hannu. Ba a danna ƙashin baya ko gaɓa da ƙarfi.

Abu na biyu shi ne tsoka. Tsokokin jiki sun fi 600. Tsoka ba ta turawa, ja kawai take yi. Don haka suke aiki biyu-biyu. In mutum ya lanƙwasa hannu, tsokar gaban damtse ce ta ja. In ya miƙe shi, ta bayan damtse ce ta ja. Tsokar da ta sha aiki takan ɗaure, ta yi tsami. Ita ce mai tausa ke nema, ya murza ta sannu-sannu har ta saki.

Abu na uku shi ne jini. Jinin babban mutum ya kai wajen lita 5. Zuciya ce ke tura shi ko'ina, ya kai wa tsoka abinci da iska. Daga nan ya komo ta waɗansu jijiyoyi masu ƴan ƙyamare, waɗanda ke hana shi komawa baya. Shi ya sa ake tausar ƙafa daga idon sawu zuwa cinya, wato wajen zuciya.

Mai tausa ya kamata ya san lokacin da zai janye hannunsa. Ba a tausar mai zazzaɓi. Ba a tausa kan miki, ko ƙuna, ko maruru. In yaro ya faɗo daga itace, hannunsa ya kumbura, wataƙila karaya ce. Murzawa tana iya gusar da ƙashin, ta yi ɓarna. Haka kuma in sha-raɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, wataƙila jini ne ya daskare cikin jijiya. Tausa tana iya tura gudan jinin zuwa huhu, mutum ya halaka. Irin waɗannan marasa lafiya, likita ake kai su ba da jinkiri ba.

Tambayoyi
1. Ƙasusuwa nawa ne a jikin babban mutum?
2. Don me tsokoki suke aiki biyu-biyu?
3. Daga ina zuwa ina ake tausar ƙafa?
4. Su wane ne ba a yi wa tausa?