Farfaɗowar Ikilisiyar Katolika Bayan Mulkin Gurguzu: Misali Daga Jamhuriyar Benin

1.0 Gabatarwa

Mai karatu da ke zaune a Bukan Sidi ko wata unguwa ta Lafiya, inda ladan ke kiran salla, masu coci su buga ƙararrawa ba tare da neman izinin hukuma ba, yana iya ɗauka cewa takura wa addini da sunan gurguzu labari ne na Rasha da Sin kawai. Alhali kuwa maƙwabciyarmu ta yamma, wato Jamhuriyar Benin, ta yi shekara 15 a ƙarƙashin wannan aƙida. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda Ikilisiyar Katolika ta ƙasar ta jure, da yadda aka sake gina ta, tare da nuna cewa ma'aikata 'yan ƙasa da harsunan gida su ne ginshiƙin farfaɗowar.

2.0 Tushen Aikin Mishan

Ƙasar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin fataken goro masu zuwa Gwanja sun daɗe suna yada zango a Nikki da Jugu. 'Yan mishan kuwa ta teku suka shigo. A 1861 limaman Ƙungiyar Mishan ta Afirka, wadda aka fi sani da SMA, suka sauka a Dahomi, suka zauna a Wida. Wannan ƙungiya ce ta buɗe tashar Shendam a 1907, gabas da Lafiya.

Abin lura shi ne yadda aka fara horar da 'yan ƙasa da wuri. An naɗa fada na farko ɗan Dahomi, Thomas Moulero, a 1928. A 1960 kuma Bernardin Gantin ya zama Babban Bishop na Kwatano. Da Babban Taron Fadar Fafaroma na Biyu (1962-1965) ya ba da damar yin ibada da harsunan gida a madadin Latin, sai addu'o'i da waƙoƙi suka yawaita cikin Fon da Yarbanci da sauransu.

3.0 Zamanin Takurawa

Manjo Mathieu Kerekou ya ƙwace mulki a 1972. Ranar 30 ga Nuwamba, 1974 ya bayyana aƙidar Markis da Lenin a matsayin tafarkin ƙasa, bayan shekara guda kuma aka sauya sunan Dahomi zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin. Gwamnati ta karɓe makarantun mishan, ta kuma ƙaddamar da yaƙi da bokaye da masu addinin gargajiya, bisa zargin cewa su ne ke hana ci-gaba. Fada Alphonse Quenum, shugaban wata kwalejin Katolika a Kwatano, an yanke masa hukuncin kisa a 1975, ya zauna a kurkuku har 1984.

Ya kamata a auna wannan takurawa da ta wasu ƙasashe don kada a yi ƙari. A Albaniya an rufe dukkan masallatai da majami'u a 1967, aka kashe ko aka ɗaure malamai da limaman coci da dama. A Gini, Seku Ture ya kori 'yan mishan Turawa a 1967, ya kuma ɗaure Babban Bishop Raymond-Marie Tchidimbo daga 1970 zuwa 1979. A Benin ba a rufe majami'u ba, sai dai an raba Ikilisiya da makaranta, wadda ita ce babbar hanyarta ta tarbiyyar yara.

Da aka toshe wannan hanya, sai nauyi ya koma kan iyaye da malaman katikisma na ƙauyuka. Su ne ke tara jama'a ranar Lahadi idan babu fada, su karantar da yara, su yi wa mamaci addu'a, duk da harshen da aka sha a nono. Hukuma na iya sa wa aji kwaɗo, amma abin da uwa ta haddace ta koya wa ɗanta a tsakar gida ya fi ƙarfin ɗan sanda.

4.0 Sake Gini

A 1989 tattalin arziki ya durƙushe, bankuna suka karye, albashi ya gagara, malamai da ɗalibai suka shiga yajin aiki. A shekarar ne bishop-bishop suka fitar da wasiƙa mai kiran shugabanni da talakawa su tuba su gyara hali. A watan Disamba gwamnati ta yi watsi da aƙidar gurguzu.

Daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu, 1990 aka yi taron ƙasa a Kwatano, mai wakilai kusan 500. Wanda aka amince ya shugabance shi shi ne Bishop Isidore de Souza. Wato Ikilisiyar da aka ture gefe ita aka nema ta raba gardama. Tsarin mulkin 11 ga Disamba, 1990 ya tabbatar da 'yancin addini ga kowa, Musulmi da Kirista da mai gargajiya, sannan Nicephore Soglo ya ci zaɓen 1991.

Ana iya kasa aikin da ya biyo baya gida uku. Na farko, sake buɗe makarantu da faɗaɗa ayyukan jinya. Na biyu, kusantar da shugabanci ga jama'a, musamman a arewa: an kafa dayosis a Kandi a 1994, Jugu a 1995, N'Dali a 1999, aka kuma ɗaga Faraku zuwa mazaunin Babban Bishop a 1997. Na uku, kyautata zama da Musulmi, waɗanda ke da yawa a waɗannan garuruwa inda ake jin Dandanci da Bargance da Fillanci da Hausa. Fafaroma John Paul na Biyu da kansa ya gana da shugabannin Musulmi a Faraku a Fabrairun 1993.

A wannan shekara ta 1993 Fafaroman ya je Albaniya ya naɗa bishop huɗu a Shkodar, domin shugabancin Ikilisiya a can ya kusa ƙarewa, har sai da aka nemo limamai daga waje. Benin kuwa ta tarar da nata a gida, 'yan mishan baƙi suka zama mataimaka.

5.0 Kammalawa

An ga cewa saurin farfaɗowa ya danganta da abu biyu: tsananin takurawar, da zurfin saiwar da aka kafa kafin ta zo. Inda aka horar da 'yan ƙasa, aka mayar da karatu cikin harshensu, gini ya tashi a kan tsohon harsashi. Wannan darasi ya shafi masu nazarin harsunan Nijeriya, domin a Dayosis ɗin Lafiya, wanda aka kafa a 2000, ana jin Hausa da Eggon da Alago da Tibi. Rubuta waɗannan harsuna da karantar da su aiki ne da ya kamata a yi tun ana zaune lafiya, don kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.