Ko Kun Sani? Hunturu Ne Lokacin Ɗaukar Hoton Dajin Bobiri

Masu ɗaukar hoto a Amurka da Kanada kan jira watan Oktoba, lokacin da gajartar yini da sanyi ke rushe koren sinadarin ganye, sai rawaya da ja su bayyana. Mutanen Zangon Kumasi ma suna da irin wannan lokaci a kusa da gida, amma rani ne ke kawo shi. Dajin Bobiri da ke Kubease, kan hanyar Accra, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 54, yana cikin dazuzzukan da dogayen itatuwansu ke kaɗe ganye tsakanin Disamba da Fabrairu don rage asarar ruwa, ƙananan da ke ƙarƙashinsu kuwa su zauna kore shar. Rimi, wanda Asantawa ke kira onyina, yakan tuɓe ganyensa kaf kafin ya yi fure.

Wani zai ce ganyenmu bushewa kawai yake yi, hazo kuma yana dusashe hoto. Gaskiya ne ba mu da jan dajin Kanada, sai dai jan namu a sabon toho yake fitowa, kamar yadda kowa ke gani a jikin mangwaro da koko. Hazon kuma tace zafin rana yake yi, ya rage baƙar inuwar da ke ɓata hoton kurmi. Idan saman dajin ya buɗe, haske kan sauka har ƙasa, inda malam-buɗe-littafi iri kusan 400 ke shawagi. Ku tafi da sassafe, ku riƙa goge ƙura daga gilashin kyamara.